Canjin Kibod ɗin Kwamfuta a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sa'ad da hunturu ya kankama, ko ɗalibai suka duƙufa rubuta furojek, teburina a Samaru kan cika da laftof masu ciwo iri ɗaya: ko harafi ya ƙi shiga, ko ya yi ta shiga ba wanda ya taɓa shi. Daga ɗalibin Kongo har malamin Islamiyya na cikin birni, tambayoyin ba sa canzawa, shi ya sa na tara su wuri guda. Abin da nake roƙo tun farko shi ne kada ka ciro kuɗin sabon kibod sai an tabbatar tsohon ne ya mutu. Na sha ganin waɗanda aka cire da ransu, kuma abin yana damuna.

Wasu haruffa sun daina shiga. Kibod ɗin ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Fara da gwajin da ba ya cin ko sisi: ari kibod na USB wurin maƙwabci ko a shagon buga takardu, ka jona. Idan na wajen ya rubuta komai daidai, to Windows lafiyarta ƙalau, ciwon yana jikin kibod ɗin laftof ko wayarsa. Idan kuwa shi ma ya yi irin halin na cikin, to saiti ne, kuma ko ka sayi sabo haka zai yi maka.

Gwaji na biyu, ka kashe kwamfutar, ka kunna, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke jikin kwamfutar ita kanta, kafin Windows ta tashi. Don shiga, a HP akan danna F10, a Dell da Acer F2, a ThinkPad F1. Idan kibiyoyi da Enter suna motsi a can amma a Windows sun yi shiru, ka koma wajen saiti, ka duba amsar da ke biye da wannan.

Sannan ka lura da waɗanne haruffa ne suka mutu. A ƙarƙashin madannan akwai ledoji masu siraran layukan lantarki, an shimfiɗa su tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, kowane layi ɗaya yana ɗauke da madannai da dama. Shi ya sa idan layi guda ya katse, sai ka ga gungun haruffa sun ɗauke tare, kamar yadda unguwa ke shiga duhu idan waya ɗaya ta tsinke a fal-waya. Wannan alamar canji ce, ko alamar wayar ta sassauta. Harafi ɗaya tilo kuwa, sau da yawa datti ne ya shige masa.

Ina danna harafi, lamba ke fitowa. Wani lokaci kuma alamar @ ta ɓace. Mene ne wannan?

Wannan kibod ɗin da ransa. A ƙananan laftof marasa ɓangaren lambobi a dama, idan Num Lock ya kunnu, U, I, O kan koma 4, 5, 6, su kuma J, K, L su koma 1, 2, 3. Ka riƙe Fn ka danna Num Lock, magana ta ƙare. Idan kuma alamar @ da alamar zance sun yi musayar gida, to Windows ta sauya daga tsarin Amurka zuwa na Ingila, ko akasin haka. Danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara, za ka ga jerin tsare-tsaren, ka zaɓi wanda ya dace da abin da aka rubuta a jikin madannanka.

Akwai kuma Filter Keys, wanda ke kunnuwa idan an danne Shift na dama har daƙiƙa 8. Yana sa kibod ya yi nauyi, sai ka daɗe a kan harafi kafin ya fito. Wata baiwar Allah ta taho daga Gyallesu da kuɗin sabon kibod a hannu, ashe ƙaramin ɗanta ne ya kwantar da hannu a kan Shift yana kallo. Na kashe mata shi a Settings, ta koma da kuɗinta.

Me ya fi kashe kibod a nan garin?

Ƙura ce ta farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan na ɗaga madanni nakan tarar da jan gari ya yi tsibi a ƙarƙashinsa, musamman a kwamfutocin shagunan da ke bakin titi, irin na hanyar Sakkwato da wajajen Kwangila. Ita kaɗai ƙurar ba ta cika kisa ba. Sai damina ta zo, danshi ya taɓa ta, ta zama laka a kan layukan. Daga nan sai abin sha: shayi, zoɓo, kunun zaƙi, da fiya wata da ya fashe cikin jaka. Sai ɓurɓushin burodi da ƙuli-ƙuli, waɗanda ke gayyato kiyashi da 'ya'yan kyankyaso.

Akwai wanda mutane ba sa kawowa a rai, wato batir. Idan batirin ciki ya kumbura, yakan turo abin da ke samansa. Ka ga wurin maus ya tasa, ko tsakiyar kibod ya yi tozo, ko laftof ba ta rufuwa daidai? Ka daina sa ta a caji, a fara cire batirin. Sa sabon kibod a kan kumburarren batir asarar kuɗi ne, ga kuma haɗarin gobara.

Shayi ya zube mini a kai yanzu-yanzu. Me zan yi?

Ka kashe ta nan take. Danne madannin kunnawa har ta ɗauke, kada ka tsaya ajiye aikin da kake yi. Zare caja, cire batir idan mai fita ne ta baya, ka buɗe ta ka kifa a kan tawul kamar bukka don ruwan ya gangaro waje. Abin da ake gudu ba kibod ba ne. A ƙarƙashinsa bod yake, wato babban allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma ruwa da wuta idan suka haɗu a kansa, kuɗin gyaran kan ninka na kibod sau da yawa.

Kada ka binne ta cikin shinkafa, ba ta zuƙo ruwan da ya shige ciki, sai ma ta ƙara mata gari. Kada ka shanya ta a rana, kada ka hura mata iska mai zafi, robar madannai na lanƙwashewa. Sannan, don Allah, kada ka kunna “don ka gani ko tana yi”. Wannan ganin shi ke ƙona yawancin waɗanda ake kawo mini. Idan ruwa ne zalla, a bar ta kwana biyu a ƙalla. Idan mai sukari ne ko madara, bushewa ba ta isa ba, don sukarin zai zauna yana cin ƙarfen a hankali. A kai ta wurin mai gyara a buɗe ta, a wanke bod da sifirit ɗin gyaran lantarki, ranar ko washegari.

Kibod ɗin da shayi ya ratsa da wuya ya dawo daidai. Yakan yi aiki mako ɗaya ko biyu, sannan madannai su fara ɗanko. Wasu laftof na ofis, irin su tsofaffin ThinkPad da EliteBook, suna da 'yar magudana da ke fitar da ruwa ta ƙasa, amma an yi ta ne don ɗan abin da ya fantsama, ba kofi guda ba.

Madanni ɗaya ne kawai ya fice. Dole sai an canza duka?

A'a. Kowane madanni hawa uku ne: hular da aka rubuta harafin a kai, wani ɗan farin ƙugiya mai kama da almakashi, da 'yar roba mai tsini a tsakiya. Idan ƙugiyar ba ta karye ba, a mayar da ita mazauninta, a ɗora hular a danna har ta ce ƙas. Idan ta karye, masu gyara kan ajiye matattun kibod don irin wannan ranar, sai a ciro daga can. Sai dai ƙugiyoyin ba iri ɗaya ba ne, ko a laftof masu suna ɗaya, don kamfanoni daban-daban ne ke ƙera wa HP ko Dell kibod. Ka zo da hular da duk abin da ya faɗo. Kuma kada ka ɗiga sufagulu, yana gangarawa ya kashe maƙwabta.

Tawa ta tebur ce. Ita ma sai an kai wa injiniya?

Ba sai an kai ba. Zare tsohon, jona sabon a ramin USB, Windows za ta gane shi da kanta. Idan tsohuwar kwamfuta ce mai zagayayyen rami ruwan hoda-shuɗi, wanda ake kira PS/2, ka kashe ta kafin ka jona, sannan ka kunna. Ga masu shagon buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta, shawarata mai waya ne, kuma tsohon na Dell ko HP ɗan asali ya fi sabo mara nauyi da haruffansa ke gogewa cikin wata uku. Mara waya yana da daɗi a gida, amma ranar da ɗan abin da ake sokawa a USB ya ɓata, sau da yawa shi ke nan an rabu.

Yaya zan san kibod ɗin da zai shiga laftof ɗina?

“HP ce” bai isa ba. “Core i5 ce” ma bai isa ba, wannan sunan ƙwaƙwalwa ne, ba sunan gida ba. Juya ta ka karanta cikakken suna a ƙasa, ko a ramin batir. Dubi EliteBook 840: G1 da G2 kibod ɗinsu ɗaya, G3 da G4 nasu ɗaya, amma na G1 ba zai zauna a G3 ba, ko da yake a ido kamar uwa ɗaya uba ɗaya.

Abin da ya fi tabbas shi ne lambar da ke manne a bayan tsohon kibod ɗin. Lenovo na kiranta FRU, Dell na rubuta DP/N, HP kuma takan sa lambobi da gajeren layi da wasu uku a ƙarshe. Waɗannan ukun suna faɗin ƙasa: 001 na Amurka, 031 na Ingila. Bayan lamba, a haɗa tsoho da sabo baya da baya a duba abu huɗu: inda fileks ya fito da faɗinsa, ramukan noti, ko akwai ƙaramar waya ta biyu ta fitilar da ke haska madannai, da ko akwai ɗan maus na tsakiyar haruffa, irin jan nan na ThinkPad. Fileks shi ne siririyar waya mai faɗi kamar zare-leda da ke haɗa kibod da bod.

Mai fitila da mara fitila sukan yi musaya a wasu kwamfutocin. Idan taka mai fitila ce aka sa mara, zai rubuta lafiya, hasken ne kawai babu. Amma kada ka biya kuɗin mai fitila sai an nuna maka bod ɗinka yana da ramin wayarta.

Mece ce maganar “na Amurka” da “na Ingila” da masu shago ke yi?

Dubi Enter ɗinka. Idan dogo ne a kwance, layi ɗaya, na Amurka ne. Idan babba ne mai hawa biyu, na Ingila ne ko na sauran Turai, kuma za ka ga Shift na hagu gajere ne, a na Ingila kuma da alamar fam a kan 3. A cikakken kibod na tebur, na Amurka madannai 104 ne, na Turai 105. Tun da yawancin laftof ɗinmu tokumbo ne, kowane iri na shigowa: na Jamus da Z ke zaune a gidan Y, na Faransa da ke farawa da A da Z a maimakon Q da W, har da na Japan mai gajeren madannin tazara.

Abin ya fi muhimmanci a laftof ɗin da kowane madanni ke leƙowa ta raminsa a jikin murfi. A nan ba za a sa na Amurka a murfin Ingila ba, ramin Enter ba zai yarda ba, sai an yanke robar, kuma ba na son wannan aikin. Idan kuwa kibod ɗin yana zuwa da firam ɗinsa, za a iya sauyawa. Ga ɗalibin da zai zauna jarrabawar kwamfuta irin ta JAMB, gara hannunsa ya saba da tsarin QWERTY, wato mai farawa da Q da W irin na Amurka da Ingila, don shi zai tarar a can. Bayan canji a gyara saitin Windows kamar yadda na bayyana a amsar alamar @.

Sabo zan saya ko wanda aka ciro daga wata kwamfutar?

Kala uku ne a kasuwa. Akwai sabo na asali, wanda ya yi ƙaranci ga tsofaffin kwamfutoci. Akwai sabo na kwaikwayo, shi ya fi yawa. Akwai kuma na asali da aka kwance daga laftof ɗin da bod ko sikirin ɗinta ya mutu. Ni dai, idan na sami na kwance mai tsabta, wanda haruffansa ba su yi sheƙin tsufa ba, kuma babu tabon ruwa a bayansa, shi nake zaɓa. Taushinsa a yatsa daban ne.

Na kwaikwayo ma ba duka ne banza ba. Riƙe shi ta gefe biyu ka ɗan motsa: idan bayansa na lanƙwashewa kamar murfin gwangwani, zai riƙa lotsawa a tsakiya idan kana rubutu. Danna madannin tazara ta can ƙarshensa na hagu da na dama, ka ji ko yana sauka daidai. Mai rubuta shafi ɗari biyu na digiri na biyu bai kamata ya bi araha a nan ba.

A ina ake samu a Zariya, kuma me ke sa kuɗin ya bambanta?

Shagunan kwamfuta na PZ da Sabon Gari, da masu gyara na Samaru da Kongo, sukan ajiye na kwamfutocin da suka yi yawa a hannun jama'a, wato EliteBook, ProBook, Latitude da ThinkPad. Wanda ba a samu ba, akan aika Kano, titin Beirut, ko Kaduna, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, a sako a mota. Idan za a yi maka oda, tura hoton gaban tsohon da bayansa, lambar ta fito sarai, kuma ku yi magana tun farko a kan wanda zai ɗauki asara idan aka kawo wanda bai shiga ba.

Kuɗin kan bi dala, don duk daga waje ake kawowa, saboda haka farashin bara ba hujja ba ne. Bayan wannan, fitila na ƙara kuɗi, ƙarancin irin kwamfutar na ƙarawa, kuma wanda ke haɗe da murfi ya fi duka. Ka nemi a raba maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Tambayi shago biyu ko uku. A rubuta maka a rasit kwana nawa za ka iya dawowa idan ya ba da matsala.

Zan iya canzawa da kaina a gida?

Ya danganta da ginin laftof ɗin. Tsofaffin na ofis, irin su ThinkPad T430 ko Latitude E6430, an yi su ne don a riƙa kwancewa, noti kaɗan ne kibod ya fito ta sama. Mai natsuwa da ƙaramin sukudireba zai iya. Idan kuwa ka duba ba ka ga tsaga tsakanin kibod da murfin da kake ɗora hannu ba, to irin wanda ake shiga ta ƙasa ne, ka karanta amsar murfi da ke gaba kafin ka taɓa. Idan sabuwa ce da garantinta bai ƙare ba, mayar wa wanda ya sayar maka. HP, Dell da Lenovo suna sa littattafan gyaran kwamfutocinsu kyauta a shafukansu na intanet, da hotunan kowane noti. Nemi na taka kafin ka fara.

To idan mai sauƙin ce, yaya ake yi?

Kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba. Zare caja, cire batir, ka danne madannin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita. Idan batirin na ciki ne, buɗe ƙasa ka zare wayarsa tukuna. A hunturu ka ƙara kula: wannan tartsatsin da ke jan yatsa idan ka taɓa ƙofar mota, shi ma yana iya lalata bod. Taɓa ƙarfen taga ko famfo kafin ka sa hannu, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet. Ka nemi notin da aka yi wa hoton kibod ko harafin K a ƙasan laftof. Jera su a kan takarda yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda abin da ke sama.

Ɗaga kibod ɗin daga gefen sama da abu na roba, tsohon katin ATM ya isa. Kada ka fizge, fileks yana nan a ƙasa, gajere ne. Kifa shi a hankali, za ka ga inda wayar ta shiga wani ɗan dogon rami mai siririn murfi, baƙi ko ruwan ƙasa. Wannan murfin da farce ake ɗaga shi, a wasu kuma jawo shi ake yi kaɗan. Sai ya buɗe sannan wayar ke zamewa ba gardama. Ina yaron shago na taɓa sa bakin sukudireba a nan, murfin ya tsinke ya yi tsalle. Kwamfutar wani malami ce, jarrabawar ɗalibansa na ciki. Maigidana ya kwashe yini yana dabarar matse wayar, ni kuwa ban iya cin abinci ba ranar. Tun daga nan farce kawai nake sawa.

Sa sabon fileks a miƙe har layin da aka zana a jikinsa ya daidaita da bakin ramin, ka rufe murfin. Kafin ka ɗaure noti, mayar da batir ka kunna, ka gwada kamar yadda na faɗa a amsar ƙarshe. Idan komai ya yi, kashe, sannan ka danna gefuna su shige.

Injiniya ya ce sai an canza murfin sama gaba ɗaya. Ba cuta ba ce?

Sau da yawa gaskiya ya faɗa. A yawancin siraran laftof na yanzu, irin su HP 250 G7 da Pavilion na baya-bayan nan, kibod ɗin daga ciki aka manne shi da murfi, da ɗimbin ƙusoshin roba da aka narkar da kawunansu. Kamfanin ma a haɗe yake sayar da su. Kafin a kai gare shi sai an fitar da batir, fanka, bod, kusan komai.

Hanya biyu ce. A sayi murfin da kibod ɗinsa, ya fi tsada amma ya fi tsabta. Ko a yanke kawunan ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, a sa kibod kaɗai, a sake narkar da robar da bakin ayan, wato ƙarfen nan mai zafi da masu gyara ke narkar da dalma da shi. Masu gyara da yawa a nan suna yin ta biyun, kuma idan hannun ya ƙware tana riƙewa. Idan aka yi gaggawa ko aka cika gam, sai ka ji wani gefe yana nutsewa, wani na ƙara. Tambaye shi wacce zai bi, ka san abin da kake biya.

MacBook fa?

Ita ma a manne yake da murfi, da ƙananan ƙusoshin ƙarfe masu yawan gaske, kuma a yawancinsu batirin ma a jikin murfin aka liƙa shi. A kula da waɗanda aka yi daga 2015 zuwa 2019 masu siraran madannai da ake kira malam-buɗe-littafi. Ƙwayar ƙura ɗaya kan sa harafi ya maƙale ko ya fito sau biyu, har Apple ta buɗe shirin gyara kyauta a 2018, na shekara huɗu daga ranar saye, sannan ta koma tsarin almakashi. Wa'adin ya wuce, su kuma kwamfutocin sun cika kasuwar tokumbo. Wanda zai zauna da irin wannan a ƙurar Zariya, ya gwada kowane harafi kafin ya biya, kuma ya kai gyara wurin wanda ya saba da Apple kawai.

An sa sabo, amma har yanzu wasu haruffan ba sa yi. Ina matsalar?

Mafi yawa fileks ne bai zauna daidai ba, ya karkace ko bai shige ƙarshe ba. A buɗe a sake sawa, a goge bakinsa. Idan haruffan da suka mutu yanzu daban ne da na da, sabon ne mai aibi, a mayar. Idan kuwa su ne dai na da, ba ragi ba ƙari, to tun asali ba kibod ba ne: ko ramin da ke kan bod ya yi tsatsa, ko ƙaramin ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙon madannai ta taɓu, abin da kan biyo bayan zubar ruwa. Shi ya sa mai gyara na ƙwarai kan jona sabon ya gwada kafin ya cire tsohon daga murfi.

Takarduna za su ɓace? Sai na ba shi fasuwod ɗina?

Canjin kibod ba ya taɓa ma'ajiyar fayiloli. Duk da haka kwafi furojek ɗinka a filash ko ka tura wa kanka ta imel kafin ka miƙa, don duk abin da za a buɗe, tsautsayi na iya gittawa. Fasuwod kuma ba dole ba ne. Za a iya gwaji a gabanka, kai ka shigar da shi da hannunka. Ga 'yan'uwa mata musamman, masu hotunan gida a ciki, wannan haƙƙinku ne, kada ku ji nauyin faɗa. Idan bayan canji fasuwod ya ƙi shiga alhali akwai @ ko # a cikinsa, tsarin ne ya sauya, a duba ƙasan sikirin ta dama a zaɓi na da.

Ba ni da kuɗi yanzu, ga aiki a gabana. Yaya zan lallaɓa?

Kibod na USB mai araha zai kai ka har ka kare furojek. Idan harafi ɗaya ko biyu ne, danna Windows da Ctrl da O tare, kibod zai fito a kan sikirin, ka riƙa taɓa su da maus. Matsalar ita ce idan na cikin yana danna kansa, yana cika shafi da harafi ɗaya ko yana kuka idan an kunna. A nan sai a zare fileks ɗinsa daga bod, aikin minti kaɗan ne a masu sauƙi. Amma a duba tukuna: a sababbin laftof da dama madannin kunnawa yana cikin jerin madannan kibod, idan aka zare wayar ba za ta tashi ba.

Akwai kibod mai ƙ, ɗ, ɓ? Na Larabci fa?

Ba sai ka canza ƙarfe don wannan ba. Windows na da tsarin Hausa. Shiga Settings, wajen Time & language, ka ƙara Hausa, sannan ka riƙe Alt na dama ka danna k, d, b ko y, za ka sami ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Akwai kuma manhajar Keyman, kyauta ce. A cikin Word, idan ka rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai zama ƙ. Haka 0257 ke ba da ɗ, 0253 ke ba da ɓ, 20A6 kuma alamar naira.

Larabci ma haka ne, ƙara shi ake yi a saiti, kowane kibod zai rubuta. Abin da malamai da ɗaliban Larabci ke buƙata shi ne ganin haruffan. Laftof ɗin da suka biyo ta Dubai ko Saudiyya sukan zo da su a rubuce, kuma idan za a yi maka oda kana iya neman irinsa. In ba haka ba, sitika. Sai dai a goge madannan da sifirit su bushe kafin a manna, kuma a mai fitila a nemi sitika mai garai-garai don kada ta rufe hasken.

Me zan duba kafin na bar shagon, kuma tsohon na bar musu?

Buɗe Notepad ka bi layi-layi, daga Esc har kibiyoyi. Kowane harafi, ƙarami da babba, da Shift na hagu sannan na dama, don mutane kan gwada ɗaya su manta ɗaya. Gwada Fn da madannan sauti da hasken sikirin, fitilar Caps Lock, fitilar kibod idan akwai. Gwada maus da lasifika da Wi-Fi, musamman idan ta ƙasa aka shiga, don wayoyinsu ma an zare su. Rubuta jimla biyu da saurin da ka saba, ka ga ko wani harafi na fitowa sau biyu. Rufe laftof ɗin ka duba gefuna sun haɗe, ka juya ka ƙirga noti.

Tsohon naka ne, ka karɓa. Lambar da ke bayansa za ta yi maka amfani idan buƙata ta sake tasowa, kuma hulunansa da ƙugiyoyinsa na iya ceton madannin da ya fice nan gaba, idan irinsu ya zo ɗaya da na sabon. Sa shi a leda ka ajiye inda yara ba za su ɓalle madannan ba, ƙanana ne, suna iya kai su baki.